GARGAƊI: Saƙonnin baƙin yare da ake zubo mana a guruf, dan Allah a daina wasa da su

Assalamu alaikum 'yan uwa na Gombe da kewaye, musamman ku masu riƙe da guruf ɗin unguwa, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai da na zumuncin dangi. Akwai abin da ya zama ruwan dare a WhatsApp da Telegram har da Facebook, kuma yadda muke ɗaukarsa da wasa shi ne yake damuna. Haka kawai za ka ga baƙuwar lamba ta faɗo guruf, ba sallama ba komai, ta zubo dogon rubutu da Sinanci ko Rashanci ko wani yaren da ko sunansa ba ka sani ba, ga hoton daloli ga linki shuɗi a ƙasa. Sai wani ya sa alamar dariya, wani ya ce "admin yau kam mun yi baƙo daga Sin", a ci gaba da hira, saƙon kuma yana nan zaune a kwana a wuni babu wanda ya goge.

Wallahi ba abin dariya ba ne. Mai wannan lambar ya san ba mu jin yarensa, kuma bai damu ba, domin abin da ya kawo shi ya riga ya samu tun daga minti ɗin da ya shigo. Duk wanda yake cikin guruf ɗin WhatsApp yana ganin lambobin sauran mutane, guruf ɗaya kuma yana ɗaukar mutum har 1,024. To ka ga ya kwashi lambar Baffa, ta Goggo, ta Adda mai sayar da atamfa, ta yaranmu 'yan makaranta, kuma sunan guruf ɗin ma ya gaya masa ko mu 'yan kasuwa ne ko ma'aikata ko masu neman aiki. Yadda suke shigowa ma ba wani asiri ba ne, mu ne muke manna linkin gayyata a Facebook a fili muna cewa kowa ya shigo, su kuma suna da manhajar da take bi tana tsince irin waɗannan linkin.

Bayan nan ne ainihin aikin yake farawa, sai su biyo mutum ta bayan fage shi kaɗai. Wannan karon ba da Sinanci ba, da Turanci mai sauƙi, ko ma da Hausar inji wadda za ka ji ta bambaraƙwai, a ce wa namiji "ki" a layi na biyu a koma "ka", babu gaisuwa irin tamu babu tambayar iyali. Ka duba farkon lambar. Tamu ta Najeriya +234 ce. Idan ka ga +62 Indonesiya ce, +84 Biyetnam, +60 Malesiya, +63 Filifin, +855 Kambodiya, +86 Sin, +251 Habasha. Ka tambayi kanka wa ka sani a Biyetnam da zai tashi da safe ya nemo ka a Tumfure ko Bolari ya ba ka aiki. Amma kar a ce tunda lamba ta fara da +234 shi ke nan an tsira, suna sayen layukan nan gida su ma.

Wanda ya fi cin yaranmu shi ne na "aiki daga gida". Za a ce kamfani ne yake neman masu danna alamar so a bidiyon YouTube ko masu ba otal tauraro biyar, ka yi guda uku ka turo hoton shaida a biya ka. Kuma za su biya ɗin fa, nan ne mutane suke ruɗewa. Alat zai shigo na dubu ɗaya da ɗari biyar ko dubu biyu, sai mutum ya ce ai ga zahiri, ɗan damfara ba ya ba da kuɗi. Yana bayarwa mana, tsaba ce ake watsa wa kaza kafin a kife ta da kwando. Daga nan a ce ka koma Telegram wajen wata "mai koyarwa", a jefa ka wani guruf cike da mutane kowa yana turo hoton alat yana godiya, alhali yawancinsu mutum ɗaya ne ko gungu ɗaya masu riƙe da asusu da yawa. Sai a ce yanzu an zo babban aiki, wanda sai ka fara sa kuɗinka sannan a dawo maka da shi da riba. Ka sa dubu biyar a dawo da shida da rabi. Ka sa hamsin, a nuna maka a wani shafi cewa kuɗinka ya zama tamanin amma ba zai fita ba sai ka kammala mataki na gaba, mataki na gaba kuma dubu ɗari biyu ne, ka ce ba ka da shi a ce to ka yi kuskure a aikin an kulle asusun sai ka biya tara, ka biya tara a ce saura haraji, haka za a yi ta jan ka har sai ranar da ka ce wallahi babu ko sisi, a ranar za a cire ka a toshe lambarka.

Akwai wani yaro tela a unguwarmu, yaron kirki mai neman na kansa, kuɗin ɗinkin sallah na mutane da kuɗin adashin mahaifiyarsa duk suka tafi ta wannan hanyar. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne bai gaya wa kowa ba sai da komai ya ƙare, domin tun farko sun ce masa kar ya faɗa wa 'yan gida wai za su yi masa hassada. Kuma daga guruf ɗin 'yan ajinsu na sakandare aka samo lambarsa, inda wani saƙon baƙin yare ya daɗe babu wanda ya kula shi.

Wannan harka ba ta wani yaro ɗaya mai waya a ɗaki ba ce. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa mai yiwuwa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu yin damfara ta intanet, da yawansu da tallan aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka aka yaudare su, suna isa aka ƙwace fasfo. Don haka duk matashin da ya ga tallan aiki a Tailan ko Kambodiya, wai tikiti kyauta masauki kyauta ba a buƙatar takardar makaranta, ya yi hattara da ransa ma ba kuɗinsa kaɗai ba. A nan gida kuma, a watan Disambar 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene a Victoria Island da ke Legas ta kama mutum 792, cikinsu akwai 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40, sauran mafi yawa 'yan ƙasarmu ne da aka ɗauka aiki suna hira da mutane suna jawo su zuba kuɗi a kirifton bogi, wato kuɗin intanet na ƙarya. Ma'aikata ce guda, da kwamfutoci da masu horarwa da rubutaccen abin da za a faɗa maka idan ka fara shakka.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi min ciwo, wato na Larabci. Mu mutane ne masu girmama Larabci, kuma daidai ne, harshen Alƙur'ani ne. To sun gano haka. Sai a turo rubutu da Larabci an fara da bisimilla, ga hoton Ka'aba ko na wani balarabe da rawani, a ƙasa a ɗan sa fassara cewa wata gidauniya a Saudiyya ko Dubai tana raba tallafin azumi, ko kujerar Hajji kyauta, ko jarin marayu da zawarawa, ka danna ka cike sannan ka tura wa guruf biyar kafin a tabbatar da sunanka. Iyayenmu mata su ne suka fi faɗawa, Inna za ta ga Larabci ta ɗauka addu'a ce ta rubuta amin ta tura gaba da kyakkyawar niyya, wanda ya samu daga hannunta kuma ba zai yi zargi ba tunda daga Inna ya fito. Jama'a ba duk abin da aka rubuta da Larabci ne addini ba, ɓarawo ma yana jin Larabci. Kujerar Hajji ta hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jiha da hukumar alhazai ta ƙasa wato NAHCON take bi, ko kamfanonin jirgin yawo masu lasisi, ba ta linkin da zai tambaye ka BVN da NIN da lambar katin ATM ba. Idan an turo irin wannan a kai wa malamin Islamiyya na unguwa ya karanta, Gombe ba mu rasa masu Larabci ba, daga Pantami har Jekadafari.

Na Faransanci kuma 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi yake kamawa, saboda muna da abokan ciniki na gaskiya daga Kamaru da Nijar da Chadi, sai mutum ya ɗauka mai saye ne, a turo masa fayil wai jerin kayan da ake so. Haka masu odar kaya daga Sin. Duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da apk manhaja ce ba takarda ba, idan ka buɗe ka ba ta izini tana iya karanta saƙonnin wayarka, har da lambar da banki yake turowa kafin kuɗi ya fita.

Masu cewa ka zuba kuɗi ya ninka a wata ɗaya kam mun sha gani. MMM ta wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi ta daskare da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025 mutane suka yi ta kuka a bidiyo, hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Abin da wasu ba su sani ba, dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ko duka biyun ga masu tallata irin wannan tsari. To kai da kake yaɗa linkinka a guruf don a ba ka kamisho idan wani ya shiga ta hannunka, ka san inda ka sa ƙafarka. Haka wanda ake ce wa ya ba da aron asusunsa na banki kuɗi ya bi ta ciki a ba shi kaso, kuɗin wani bawan Allah ne da aka cuta, ranar da aka bi sawu sunanka da BVN ɗinka za a gani, su suna can wata ƙasa.

Sai kuma satar WhatsApp ɗin kansa. Za a kira ka da murya mai ladabi, wani lokacin da Hausa tsantsa, a ambaci sunan guruf ɗinku daidai, a ce akwai taro ta intanet da daddare an turo maka lamba shida ka karanto a sa sunanka. Wannan lamba shidan ita ce mukullin WhatsApp ɗinka. Kana karantawa sun ɗauke, sai su shiga bin 'yan uwanka da sunanka da hotonka, "Hamma dan Allah taimaka min da dubu talatin zuwa gobe asusuna ya samu matsala", idan kai admin ne ma su cire sauran admin su riƙe guruf ɗin gaba ɗaya. Duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, kira shi a layi ka ji muryarsa tukuna.

Admin, nauyi a wuyanku yake, riƙon guruf amana ce ba sarauta ba. Ku kunna wajen amincewa da sabon shiga ta yadda babu mai faɗowa sai kun duba shi, ku sabunta linkin gayyata tsohon ya mutu, kuma a daina manna shi a fili. Baƙuwar lamba ta turo baƙin yare da linki, a goge wa kowa nan take, a kai rahotonta ga WhatsApp sannan a cire ta, ba sai an tsaya tambayar "waye wannan" ba, kuma a sanar da mutane cewa wataƙila za a biyo su ta gefe. Guruf babba ya samu admin fiye da ɗaya, wani yana barci wani yana gani. Amma a yi adalci, idan ɗan uwanmu ne da muka sani ya yi rubutu da Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Kanuri, wannan ba shi ake nufi ba, maganar baƙuwar lamba ce mai ɗauke da linki da alkawarin kuɗi.

Sauran mu kuma kowa ya shiga saitin WhatsApp ɗinsa wajen sirri mai hoton kwaɗo, ya mayar da shi sai mutanen da shi ya ajiye lambobinsu ne za su iya sa shi a guruf, a Telegram ma akwai irinsa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a sa lambar sirri, a kunna toshe ƙarar kiran baƙin lambobi. Wanda ya iya ya karɓi wayar Baba da ta Inna ya saita musu yau ɗin nan. Idan son sani ya dame ka, kwafi rubutun kaɗai ka sa a Google Translate, yana da Hausa, amma kar yatsanka ya taɓa linkin.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kar kunya ta sa ka yi shiru. Kira bankinka a take ko ka je reshe a toshe kati a shigar da ƙorafi, saurin kai rahoto shi ne yake sa wani lokacin a tare kuɗin kafin a kwashe. Kar ka goge hirar, ka ɗauki hotonta da lambar asusun da ka tura wa da rasit, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC, suna da ofishin shiyya a nan cikin Gombe. Kuma ka shirya, bayan kwana kaɗan wasu za su ɓullo su ce su ƙwararru ne masu dawo da kuɗin da aka sace, ka ba da kaso goma tukuna su fara aiki. Kar ka ba su ko naira, sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo da sabuwar lamba.