Ofishin lauya a Adum ko Legal Aid?

Ƙanwata, kin ce kin gama shekarar farko a sashen shari'a na jami'ar KNUST da ke Kumasi, kuma wurare biyu sun ce ki zo a dogon hutun nan: ofishin wani lauya a Adum, cibiyar kasuwancin garin, da ofishin Legal Aid Commission na nan Kumasi. In ta ni ce, Legal Aid.

Ofishin lauya ya fi daɗin faɗa a gida. Sai dai wadda iyakar karatunta tsarin kotunan Gana ne, da kundin tsarin mulkin 1992, da ɗan abin da ya samu na dokar kwantiragi, babu lauyan da zai damƙa mata fayil mai nauyi. Za ki ɗauki jaka zuwa babbar kotu, ki bi layi a rajistara, ki wuni a benci har alƙali ya ɗage shari'ar. Ba asara ba ce, don za ki ga yadda ake tsara takardar ƙara da ta rantsuwa, kuma sanayya tana da rana lokacin horon wata shida da ake yi bayan an rantsar da lauya. Amma wannan da saura.

Ita Legal Aid, wadda dokar 2018 ta mayar hukuma, ta marasa kuɗin ɗaukar lauya ce, kuma mutane za ki gani ido da ido. Ga matar da mijinta ya rasu a unguwar Aboabo, dangin miji sun sa wa ɗakinta kwaɗo, ba ta taɓa jin dokar gado ta 1985 ba, wato PNDCL 111, wadda ta ba mata da 'ya'ya gidan idan mamaci bai bar wasiyya ba. Ga ɗan hayan da aka ce ya kawo kuɗin shekara biyu, alhali dokar haya ta 1963 ta tsayar da abin a wata shida. Da yawa a teburin sulhu ake kashe maganar. A nan Hausarki da Tonancinki, wato yaren Twi, za su yi aiki, domin tsohuwar da Turanci ya ɗaure wa baki, da ta ji "Sannu Hajiya" sai ta kwance miki komai.

Kuɗi kuwa, kada ki sa rai da albashi ko'ina. Lauyan ya fi yiwuwa ya miƙa miki na mota, shi ma ki tambaya tun kafin ki fara. Adum kuma ki ajiye lambarsu sai hutun shekara ta uku.