Na shirya allon wasana da hannuna, dare ɗaya ya tattare min shi a lungu

Wata bakwai na yi ina buga wani wasan kwamfuta na intanet da tsarin allon da ya zo da shi, ko akwati ɗaya ban taɓa motsawa ba. Ba sai na kama sunan wasan ba, wanda abin ya taɓa faruwa da shi zai gane tun kafin in kai rabi. Mu shida ne a tawaga, ni ne mai jinya. Aikina in zuba wa jinin mutum biyar ido, wato ma'aunin ran da ya rage musu, wanda na ga nasa ya yi ƙasa in ɗura masa magani kafin ya faɗi.

To ga yadda masu wasan suka jera abin. Ma'aunin jinin 'yan tawaga yana can sama ta hagu. Maɓallan magani suna ƙasa a tsakiya. Jinin bos, wato babban abokin gaban da muke yaƙa, da sandar da ke nuna bugun da yake shirin kawowa suna sama. Ni kuma ɗan mutum-mutumina yana tsakiyar fili, inda wuta ke tashi a ƙarƙashin ƙafa. Allona inci 27 ne, 2560 a 1440, saboda haka idona wuni yake yana safa da marwa tsakanin kusurwa huɗu. In na kalli jinin mai tare duka, wato wanda ke tsayawa gaba yana shan bugun bos a madadinmu, wuta ta cinye ni. In na kalli ƙafata, shi ya mutu. Akwai wani bos da muka yi mako uku muna faɗuwa a hannunsa, kuma kowa ya san ta wajena ake ɓarin, kunya ce kawai ta hana su faɗa.

Shugaban tawagarmu, wanda ya girme mu duka, shi ya ce in ɗauko masa hoton allona. Da ya gani sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ai hannunka ba shi da laifi. Idonka ne ka bari yana yawo." Na ce, "Yaya, to ya zan yi, haka wasan ya zo." Ya ce in shiga saiti in duba layi na uku.

Ashe wurin gyara tsarin allo yana nan duk tsawon watannin nan. Ina danna shi sai allon ya dushe, layuka suka fito kamar takardar lissafi, kowane abu ya samu akwatinsa da sunansa. Ka kama da linzami ka ja, ya bi ka. Ka kawo shi kusa da wani, ya manne da kansa su daidaita. Kana iya ƙara masa girma ko ka rage, kana iya sa shi ya yi shara-shara ka riƙa hango abin da ke bayansa, kana ma iya cewa kada ya fito sai an fara faɗa. Na ce bari in taɓa na minti goma, ban ɗago kai ba sai bayan awa huɗu. Na sauko da jinin 'yan tawaga ƙasan ƙafar mutum-mutumina kaɗan. Na ajiye sandar bugun bos a samansa, na ƙara mata girma. Maɓallan da nake yawan dannawa na jera su layi biyu gajeru, yadda suke a ƙarƙashin yatsuna a kan kibod, maimakon dogon layi ɗaya mai gurbi goma sha biyu. Akwatin hira kuwa na ƙanƙanta shi na tura shi gefe, don babu abin da ake rubutawa a ciki lokacin faɗa sai zargi.

Washegari a gwaji na biyu muka kayar da bos ɗin. Ban ƙara ƙarfin makami ba, ban sauya sulke ba. Duk abin da nake buƙatar gani ya dawo cikin fili kamar tafin hannu, shi ke nan. A daren da an ce in ba su maki, goma zan ba su in nemi ƙari.

Abin ya burge ni ne musamman don na san yadda ake shan wuya a da. Wani wasa irin namu, World of Warcraft, ya fito a 2004, kuma shekara da shekaru mai son gyara allonsa sosai sai ya ɗora ƙananan manhajojin da 'yan wasa suke rubutawa da harshen Lua, irin su Bartender da ElvUI. Sai a 2022, da fitowar sabon babin wasan mai suna Dragonflight, Blizzard, kamfanin da ya yi shi, ta saka nata wurin gyaran a cikin wasan. Ganin irin wannan a namu wasan ba tare da na sauko da komai daga waje ba ya sa na riƙa yabon su a duk inda na zauna.

Murnar wata biyu ta yi.

Tafiya ta kama ni, na ce kada in bar tawaga ba mai jinya, sai na buɗe wasan a tsohuwar laftof ɗina mai allo 1366 a 768. Ina shiga na ga akwatunan sun hau kan juna, wasu sun maƙale a bakin allo. Ban damu ba, na san allon ƙarami ne. Ban buɗe saiti ba, ban ja komai ba, ban danna adanawa ba. Na lallaɓa na buga na minti arba'in na rufe.

Da na dawo na kunna babbar kwamfutata a daren da za mu shiga sabon bos, sai na tarar da duk aikina an tattare shi a kusurwar sama ta hagu, cikin fili da bai kai kashi ɗaya cikin uku na allon ba. Jinin tawaga a kan taswira, taswira a kan akwatin hira, maɓallan magani rabi a ɓoye. Sauran allon fayau. Mutum biyar suna jirana a bakin ƙofa, ni kuma ina zaune na yi zuru.

Daga baya na gane abin da ya faru. Wasan yana riƙe wurin kowane akwati ne da lambar fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo, daga kusurwar allo. Da ya ga ƙaramin allo, duk abin da ya faɗa waje sai ya janyo shi ciki, wannan ba laifi. Laifin shi ne ya ɗauki wannan janyowar a matsayin sabon tsarina, ya tura ta sabar kamfanin, wato kwamfutar da suke adana bayanan 'yan wasa, ba tare da ya tambaye ni ba, ta danne na asalin. Gurbin adanawa kuma ɗaya tak ne. Babu komawa baya, babu tsohon kwafi. Na rubuta wa masu wasan, bayan kwana huɗu aka turo min amsa cewa in danna "mayar da tsarin asali". Wato in koma allon da na gudo daga gare shi.

A nan ne raina ya ƙara ɓaci, don wannan matsala ce da wasu suka daɗe da magancewa. A wasan Final Fantasy XIV gurbi huɗu ake ba ka, ka yi na jinya daban, na faɗa daban, kuma kana iya ajiye kwafin saitinka a sabarsu lokacin da kai ka ga dama. A World of Warcraft kana iya fitar da tsarinka a matsayin dogon rubutu, ka adana shi ko ka tura wa abokinka ya ɗora a nasa. Da ina da irin wannan rubutun, cikin minti ɗaya da na dawo da komai.

Daren nan haka na shiga da allon da na harhaɗa cikin gaggawa. Hannuna ya riga ya haddace inda komai yake, ido yana zuwa wurin ya tarar da wayam. Sau tara muka faɗi. Yaya bai ce komai ba sai "Allah ya kai mu mako mai zuwa", wanda ya fi min zagi ciwo.

Kuma tunda haushi ya buɗe min ido, sai na fara ganin abubuwan da murna ta rufe. Babban rubutun gargaɗi da ke fitowa a tsakiya ba ya motsuwa ko kaɗan, kuma daidai inda mai jinya zai so ya ajiye jinin tawaga yake sauka. Alamomin guba da na ƙarin ƙarfi a akwati ɗaya aka cusa su, ba a raba su, alhali gubar ce kawai nake buƙatar gani da girma. In ka ƙara girman akwati, rubutun cikinsa yana nan ƙanana kamar tururuwa. In kuma hannunka ya kuskure ya taɓa maɓallin Esc na kibod kana tsakiyar gyara, duk abin da ka yi ya tafi, ko tambayar "ka tabbata?" babu. Abin mamaki, wanda na yi da gangan ba ya adanawa sai na roƙe shi, wanda ya ɓata da kansa kuwa nan take ya adana.

Duk da haka ba zan ce kada a yi amfani da wurin gyaran ba. Mai jinya ko mai tare duka da ke buga wasan nan da allon asali yana cutar kansa da tawagarsa. A ja da ajiyewa na ba su takwas. A riƙe amanar abin da mutum ya ɓata awa huɗu yana yi, biyu ma na yi musu alfarma.

Na sake gina tsarin a ƙarshen mako, wannan karon awa biyu da rabi. Na ɗauki hotonsa da waya, na kuma rubuta lambar wurin kowane akwati a littafi, akwati goma sha bakwai, kowanne da lamba biyu da girmansa. Laftof ɗin kuwa na goge wasan daga cikinta, in tafiya ta kama ni su nemi wani mai jinyar.