Wurin fatsa na hanyar Bukuru: karo na uku ke nan ina komawa

Ranar Asabar na sake kai ɗana wurin fatsan nan da ke hanyar Bukuru. Kududdufi ne irin waɗanda kamfanonin Turawa suka bari bayan haƙar kuza, ruwa ya cika su. Wani dattijo ya karɓi hayarsa, ya zuba 'ya'yan karfasa da tarwaɗa, ya kafa rumfa. Ka biya kuɗin shiga, a ba ka sanda da ƙugiya da tana a gwangwani. Abin da ka kama a auna maka, in kana so a gasa nan take.

Dokokin Baba, wato dattijon nan, su ne suke mayar da ni. Ba a jefa ragar birgi, ba a kafa ragar kalli, gidan sauro kuwa ko kusa. Karfasar da ba ta kai tafin hannu ba, ruwa za ta koma. Ɗana ya ciro wata 'yar ƙarama yana murna, Baba ya ce, "Yaro, sake ta, baɗi ita za ta cika maka faranti." Da damina ta sauka yakan rufe wurin na wasu makonni, irin yadda ake hutar da kogin Matan Fada a Argungu. Ya ce karfasa a baki take goyon ƙwanta, raga na kama ta ta zubar da su duka. Manyan tarwaɗa ma yana barin wasu da gangan, su rage 'ya'yan karfasa, don in suka yi yawa ba mai girma a cikinsu.

Na san dalilin wannan tsanani. Akwai kududdufin da muke fatsa muna yara wajen Rayfield. Aka yi ta jan raga mai ƙananan ido, wani ya zuba gamalin, maganin ƙwari mai guba, da dare, kifi ya taso fari fat. Yau ruwan kore ne, sai wari. Ƙaramin ruwa ba kogin da zai kawo masa sabon kifi, ga sanyin Jos, sama da mita 1,200 a kan tudu, karfasa ba ta saurin girma a nan. Har yanzu abin yana min ciwo.

Gashin ya yi daɗi, naman ba ƙarnin laka, sai dai yajin ya yi kaɗan. Ranar Asabar jama'a sun fi ƙarfin ruwan, na ƙirga sanduna sun haura ashirin, ga ledoji a baki. Gara a zo ranar Talata ko Laraba.

Babban abin da bai kwanta min ba shi ne rashin shinge. Ramin kuza zurfi gare shi, gefensa a miƙe yake, ba tudun da yaro zai taka. Na faɗa wa Baba, ya ce in Allah ya kai mu kaka zai kafa. Kafin nan, duk mai zuwa da yaro ya zaunar da shi a gefensa, kada ya ɗauke ido.