Komawa Vvardenfell da OpenMW: abin da na gani a wata biyu

Faifan Morrowind ɗina, wasan kwamfuta da labarinsa ke gudana a tsibirin Vvardenfell, yana nan cikin kwalinsa, amma kwamfutar da nake aiki da ita yanzu ba ta da ma wurin zura faifai. Da marmarin wasan ya taso mini, sai na sayi fitowar Game of the Year a GOG, shagon sayar da wasanni a intanet, fitowar da ta haɗa asalin wasan na 2002 da ƙarinsa guda biyu, Tribunal da Bloodmoon. Na zaɓi GOG ne domin fayil ɗin girkawa suke ba ka, ka ajiye abinka, ba sai ka hau intanet ba kafin ka buɗe wasa. Sai dai ban kunna shi da injin da Bethesda, kamfanin da ya yi wasan, ya gina shi a kai ba. Da OpenMW na kunna, kuma a kansa nake son yin magana, bayan wata biyu ina bugawa kusan kowane dare.

OpenMW sabon inji ne da 'yan sa kai suka fara rubutawa tun 2008, kyauta ne, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. Babu ko gida ɗaya ko mutum ɗaya na wasan a cikinsa, dole ka mallaki Morrowind na gaske. Aikinsa shi ne ya karanta fayilolin wasan, su Morrowind.esm da Tribunal.esm da Bloodmoon.esm, ya nuna maka duniyar da ke ciki. Yana tafiya a Windows da Linux da macOS. Girkawar ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan: ya tambaye ni inda Morrowind.esm yake, na nuna masa, shi ke nan. Kwata na awa bai cika ba na tsinci kaina a cikin jirgin fursunoni, wani fursuna mai suna Jiub yana tambayar sunana da wannan dasasshiyar muryar tasa. Hoton ya cika faffaɗan allona ba tare da ya miƙe ko ya karkace ba. A wata biyun nan sau ɗaya tak wasan ya rufe da kansa, shi ma zan zo ga dalilinsa. Masu bin tsohuwar hanya sai sun haɗa da kayan gyaran tsohon injin, Morrowind Code Patch da MGE XE, kafin su sami irin wannan natsuwa, a nan kuwa duk yana cikin injin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ɗaukar mod, wato gyare-gyare da ƙare-ƙaren da 'yan wasa ke ƙirƙira da hannunsu. A da, komai a folda ɗaya ake zubawa, Data Files. Sabon mod ya danne fayil ɗin tsoho, in ka canza shawara babu hanyar dawo da abin da aka danne sai ka sake girka wasan daga farko. A OpenMW kowane mod yana zaune a foldarsa shi kaɗai. Akwai fayil mai suna openmw.cfg, a ciki kake jera foldodin layi bayan layi, kuma idan biyu suka yi karo a kan abu ɗaya, na ƙasa ne ke rinjaye. Ba ka son mod? Goge layinsa, asalin wasan yana nan ko ƙwarzane babu. Iyakar nan ta fayiloli 255 da tsohon injin yake da ita ma an ɗauke ta.

Wannan sauƙin ne ya ja ni na wuce gona da iri a makon farko. Na shiga shafin Nexus Mods, inda ake samun mod, na sauke wajen guda sittin, yawancinsu na ƙawata hoto: sababbin fuskoki, sababbin bishiyoyi, bango, duwatsu, sararin sama. Da na isa garin Balmora sai na tarar rabin gidajen sun koma ruwan hoda, ga wata alama rawaya mai ɗigon motsin rai tsaye a inda ya kamata fitila ta kasance. Ruwan hodan yana nufin injin ya nemi hoton da zai lulluɓe bangon bai samu ba, alamar rawaya kuma siffar abin ce gaba ɗaya ta ɓace. Na kwashe dare guda ina bincike kafin na gano cewa ɗaya daga cikin tarin hotunan yana da folda cikin folda, ni kuma na nuna wa injin ta waje. A wannan daren ne wasan ya rufe. Na gyara, ruwan hoda ya tafi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Garin da nake kallo kyakkyawa ne, sai dai ba Balmora ba ne. Bangon nan mai launin ƙasa da kogin Odai da ya ratsa tsakiyar gari sun yi ƙyalli kamar na wani wasa dabam, mutanen Dunmer kuma, 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka sani da murtukakkiyar fuska da jajayen idanu, sun koma sumul kamar ba a ƙasar toka suka tashi ba. Na goge layukan duka, na fara sabon wasa.

Yanzu abin da ke kai bai kai goma ba. Patch for Purists yana gyara kurakuran rubutu da na ayyuka ba tare da ya sa son ransa a ciki ba. Morrowind Optimization Patch yana sauƙaƙa siffofin abubuwa don kwamfuta ta huta. Graphic Herbalism yana sa ka tsinki ganye ko naman kaza da dannawa ɗaya, ka ga ya bar jikin tsiron, maimakon ka buɗe shi kamar akwati. Expansion Delay kuwa ina ganin wajibi ne ga duk mai Tribunal. Idan babu shi, 'yan kisan Dark Brotherhood suna iya far maka cikin barci tun kana sabon shiga, kuma in ka yi nasara a kan ɗaya, sulkensa kaɗai ya ishe ka kuɗin da bai kamata ka gani ba a wannan matakin. Talaucin farkon wasan yana cikin daɗinsa. Lokacin da Caius Cosades, mai ba ka ayyuka a farkon labarin, ya miƙa maka zinare 200 ya ce ka je ka nemi ƙwarewa kafin ka dawo, ya kamata kuɗin nan su yi maka nauyi a hannu.

Akwai saiti ɗaya da nake so in daɗe a kansa, domin shi ne ya fi canza wasan, kuma ba mod ba ne, a cikin OpenMW yake: nisan gani. Morrowind na asali yana lulluɓe da hazo. Taku kaɗan a gabanka komai ya dusashe. Dalilinsa ƙarfin kwamfutocin wancan zamani ne, amma waɗanda suka zana tsibirin sun san da hazon, da shi suka yi lissafi. OpenMW yana ba ka dama ka ja nisan gani har ka hango gari daga wani gari. Na ja shi ƙarshe, na tsaya a gaɓar kudu, sai ga manyan gine-ginen birnin Vivec a kan ruwa, ga Red Mountain ya tokare sama. Na daɗe ina kallo, abin ya yi kyau matuƙa. Bayan kwana biyu sai na lura tsibirin ya ƙanƙance a idona. Tafiyar da a da nake jin ta kamar ta yini guda, yanzu ina hango ƙarshenta tun daga farkonta. Duwatsun da aka jera don su karkatar da matafiyi sun tashi daga aiki. Wannan wasa ba ya sa maka kibiya a taswira, kwatance ake yi maka da baki: bi hanyar nan, in ka wuce gada ka yi arewa, ka nemi ƙofar kogo a bayan dutse. Idan kana hango ƙofar daga nesa, kwatancen ya zama surutu kawai. Na dawo da nisan zuwa tsaka-tsaki, inda tsauni ke bayyana kamar inuwa amma hanya ba ta tona kanta ba. A haka guguwar toka a kusa da garin Ald'ruhn ta dawo da tsoronta, ina tafe ina jin kukan cliff racer, wata halitta mai tashi da ke kai hari, a sama ban gan shi ba.

Faɗa ma ban taɓa shi ba, ko da yake mod na farko da ake ba sabon shiga shawara shi ne wanda ke sa kowane sara ya samu. Gaskiya ne abin yana da ban haushi ka kai wa ɓera sara biyar a jere takobi yana wucewa ta jikinsa. Amma akwai lissafi a ƙarƙashi. Wasan yana haɗa ƙwarewarka a makamin da kashi ɗaya cikin biyar na zafin namanka da kashi ɗaya cikin goma na sa'arka, sannan ya auna da sauran ƙarfin da ke jikinka, wato koren layin nan na gajiya. Wanda ya sheƙo da gudu daga Seyda Neen, garin da ake fara wasan, koren layinsa ya ƙare, ya kuma ɗauki wuƙar da bai iya ba, dole ya yi ta saran iska. Ka riƙe makamin da ka zaɓa tun wajen rajista a farkon wasan, ka tsaya ka huta kafin ka shiga kogo, za ka ga bambanci nan take. OpenMW ya kiyaye wannan lissafi yadda yake, kuma na yaba masa a kan haka.

Inda ya gaza kuma a fili yake. Duk mod ɗin da aka gina a kan MWSE, wani ƙari na tsohon injin, ba ya aiki a nan, kuma a cikinsu akwai masu kyau ƙwarai. Tun fitowa ta 0.48 a 2023 injin ya sami nasa tsarin rubuta mod da harshen kwamfuta na Lua, masu ƙirƙira suna ta cike giɓin, amma kafin ka sauke komai sai ka karanta bayaninsa ka tabbatar da wane inji aka yi shi. Tsohuwar ajiyar wasanka ta injin asali ma ba za ta buɗu kai tsaye ba, ka sa a ranka sabon wasa za ka fara. Sannan wanda bai saba taɓa fayil ɗin saiti ba zai ɗan ji tsoron openmw.cfg a ranar farko. Ka kwafe shi ka ajiye gefe kafin kowane canji, ka riƙa ƙara mod ɗaya-ɗaya kana gwadawa.

Babban abin da na ƙara shi ne Tamriel Rebuilt, aikin da 'yan sa kai suka faro tun 2001, kafin ma wasan ya fito, don gina sauran ƙasar Morrowind da ke kewaye da tsibirin. Yana buƙatar Tamriel_Data, kuma dole Tamriel_Data ya zo kafin shi a jeri. Na yi fargabar zai zama kamar faci a jikin riga, sai na tarar ɗinkin ba ya ganuwa. Mutanensa suna magana da irin girman kai da zargin baƙo da na sani a Vvardenfell, ayyukansa ma da kwatancen baki ake ba da su. Daren jiya na sauka daga jirgin ruwa a Old Ebonheart, wani birni na Tamriel Rebuilt, da niyyar in leƙa kawai in koma, domin Caius yana jirana da saƙo a Balmora. Na ɓace a lungunan birnin fiye da awa guda, na karɓi ayyuka uku, har yanzu ban nemi jirgin komawa ba.