Bandar kifin Baga a kasuwar Sabon Gari, ga abin da na gani

Jama'a duk mai neman bandar tarwaɗa ta ainihi a Zariya, akwai wani dattijo Babarbare a wajen 'yan kifi na kasuwar Sabon Gari, kayansa a kwali suke zuwa daga Doron Baga, can yankin Tafkin Chadi, ba irin na kiwon gida ba da ake ƙyafewa a ce maka ai na Borno ne. Bambancin a tukunya yake fitowa wallahi, naman da tauri, ba ya dagargajewa a miyar kuka, ga ƙamshin hayaƙi har maƙwabta sai sun san abin da aka ɗora.

Kuma ba abin mamaki ba ne in ka san Tafkin Chadi, ruwa ne shimfiɗaɗɗe mara zurfi tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, duk ciyayi ne da tsibirai, kifi na kiwon kansa a fadama. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan daga kogin Chari da Logone yake zuwa, shi ya sa ba ya cika sai damina ta wuce, can ƙarshen shekara. Ta ɓangarenmu kuma Komadugu Yobe ce ke kai nata, wato ruwan Haɗeja da Jama'are, ka ga har ruwan Kano na ciki kenan. Ba kogin da ke fita daga tafkin amma ruwan daɗi ne ba na gishiri ba, ikon Allah.

To sai tsada, nan ne fa ake yin ta. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin 1970 da 1980 da wani abu ya janye shi sosai har garin Baga ya koma nesa da bakin ruwa, ga rashin tsaro ga kuɗin mota, don haka ban ga laifin dattijon a farashi ba sam.

Inda na ga gazawa, ba ya awo da sikeli sai kashi-kashi, in aka zo ƙasan kwali kuma rabi duk ɓurɓushi ne amma kuɗin ɗaya. Ba ya karɓar tiransifa sai ka nemi mai POS. Nashi dai ban ji warin maganin ƙwari ba, amma ko'ina za ka saya ka shinshina tukuna ka fasa kai ka duba ciki. Ku je da safe ranar da aka sauke sabon kaya, karfasa ce ke fara ƙarewa.