Wace Manhaja Za Ka Zaɓa Don Lissafin Iskar Farfela?

Kafin ka biya kuɗin lasisi, ka tambayi abu ɗaya: shin manhajar ta san abin da iskar farfela ke yi wa wutsiyar jirgin sama? Iskar da farfela ke turawa baya ba miƙe take tafiya ba, murɗawa take yi tana zagaya jikin jirgin. Idan farfelar na juyawa dama a idon matuƙi, iskar takan bugi tsayayyen fiffiken wutsiya ta hagu, hanci ya karkata hagu, dole matuƙi ya taka fedar dama, wadda ke juya hancin dama, lokacin tashi. Tana kuma ƙara karkatar da iskar da ke sauka kan wutsiya, sai daidaiton jirgin ya ragu daidai lokacin da inji ke aiki da ƙarfi, gudu kuwa bai kai ba.

Manhajar AVL, wadda Mark Drela da Harold Youngren suka rubuta, kyauta ce kuma cikin daƙiƙoƙi take ba da amsa, amma ba a gina ta don iskar farfela ba. Ta wadatar wa jirgin da ke shawagi ba inji.

A ganina, ɗalibi ko mai ƙera ƙaramin jirgi mara matuƙi ya fara da OpenVSP, wadda hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta buɗe wa kowa a 2012. A ciki kana iya ɗaukar farfela a matsayin faifai mai tura iska, dabarar da ta samo asali daga masana Rankine a 1865 da Froude a 1889. Bisa wannan lissafin, ƙarin gudun iska can baya ninki biyu ne na wanda ake samu a jikin faifan, shi ya sa wutsiya ke jin sa sosai. Idan kana son ganin bugun kowane reshen farfela yayin da yake wuce fiffike, akwai tsarin farfela mai juyawa, sai dai yana cin lokaci. Raunin OpenVSP yana bayyana idan iska ta fara rabuwa da fiffike, dab da jirgi ya rasa ɗagawa.

Nan ne OpenFOAM ko Ansys Fluent suke shigowa. Ta farko kyauta ce amma sai ka sha wahalar koyonta; ta biyu tana da tsada, ga buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Kada ka saye ta sai siffar jirginka ta zauna, domin kowane gyara na nufin sake saƙa ragar lissafi, wato ƙananan gidajen da manhajar ke raba iskar da ke kewaye da jirgin a cikinsu. Jirgin da zai ɗauki mutane kuwa, sai an gwada samfurinsa a ramin iska, wato wurin da ake hura wa samfuri iska don gwaji, da farfela tana juyawa.