Bayan canza madabod: a ceto tsohon Windows ko a yi fomat?

Ɗan'uwa, ka ce madabod ɗin kwamfutarka, wato babban allon da ke haɗa duk kayan cikinta, ya ƙone, an saka wani, yanzu Windows 10 ya ƙi tashi, sai shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mai gyara kuma ya ce babu magani sai fomat. Kana son sanin wanne ya fi: a ceto na kan diskin, ko a goge a saka sabo.

Ni dai ina roƙonka kada ka bari a goge komai tukuna. Wannan saƙon yana nufin Windows ya fara tashi amma ya kasa kaiwa ga diskin da yake kai, kuma sau da yawa laifin yana cikin BIOS, wato saitunan madabod da ke aiki kafin Windows ya tashi. Ka shiga can, galibi da maɓallin Del ko F2 da zarar ka kunna, ka nemi saitin SATA, wato yadda madabod ke magana da diski. Za ka ga AHCI da RAID. Idan tsohon madabod yana kan ɗaya, sabon kuma ya zo a kan ɗayan, direban da Windows yake tashi da shi, wato manhajar da ke sarrafa diskin, bai dace ba ke nan. Ka canza, ka adana da F10, ka sake kunnawa. Abu na biyu shi ne CSM, saitin BIOS da ke barin kwamfuta ta tashi ta tsohuwar hanya. Windows ɗin da aka saka a diski mai tsohon tsarin MBR ba ya tashi a madabod da aka bari a kan sabuwar hanyar tashi ta UEFI zalla, wani lokaci ko sunan diskin ba za ka gani a jerin abubuwan tashi ba. Kunna CSM yana warware wannan, daga baya sai ka mayar da diskin zuwa sabon tsarin GPT, wanda UEFI ke karɓa, da umarnin mbr2gpt, wanda ke cikin Windows 10 tun 2017. Duk wannan aikin mintuna ne, fayilolinka da manhajojinka kuma suna nan yadda ka bar su.

Fomat yana kawar da waɗannan matsalolin biyu a lokaci guda, domin sabon Windows zai zauna ne a kan saitin da ya tarar. Kuɗinsa shi ne lokaci da data: filash mai akalla 8GB, sake sauke Office da sauran kayan aikinka, sannan direban intanet na sabon madabod, wanda ya kamata ka sauke tun kafin ka fara, don kada ka gama ka tarar babu Wi-Fi.

A wajen lasisi kuwa, hanyoyin biyu duk ɗaya ne, kuma nan ne mutane ke shan mamaki. Microsoft tana ɗaure lasisi da kayan cikin na'ura, musamman madabod, don haka ko ka goge ko ba ka goge ba, Windows zai iya cewa ba a kunna shi ba. Idan lasisin da ka saya da kanka ne kuma yana haɗe da asusunka na Microsoft, ka je sashen kunna lasisi a saituna, ka zaɓi inda ake cewa ka canza kayan na'ura kwanan nan. Idan wanda ya zo da kwamfutar daga kamfani ne, yawanci ya tafi da tsohon madabod.

Masu BitLocker, wato tsarin Windows na kulle diski, su kula sosai. Makullinsa yana cikin TPM, wato ma'ajiyar tsaro, na tsohon madabod, shi ya sa sabon yake neman lamba mai alƙaluma 48. A duba asusun Microsoft, sau da yawa tana can.

Inda nake goyon bayan mai gyaranka shi ne idan ka tashi daga Intel zuwa AMD ko akasin haka, kuma bayan an ceto Windows ɗin ya riƙa daskarewa saboda ragowar tsofaffin direbobi. Haka nan idan da ma kana shirin komawa Windows 11, tunda tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Sai ka kunna TPM 2.0 a BIOS, Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Ko a nan ɗin ma, ka fara tayar da kwamfutar daga filash mai Ubuntu, wani tsarin aiki daban da Windows, ko ka jona diskin a wata kwamfuta, ka kwashe fayilolinka, sannan a goge.